Kunun dawa da rage teɓa: a kula da abin da rariya ke tarewa

Kwanan nan zancen maganin Indiya mai narkar da teɓa ya cika gari, har akwai masu tallar garin kunu a leda da tsadar gaske, wai sirrin Ayurbeda ne. Kwance ledar ka duba. Sau da yawa dawa ce, irin wadda ke jibge buhu-buhu a kasuwar Dawanau.

Indiyawa suna kiranta jowar. Abincin talaka ce a jihohin Maharashtra da Karnataka, inda ake gasa garinta kamar gurasa, ko a dama shi ya kwana ya yi tsami, a sha da nono. Ayurbeda, tsohon tsarin maganin gargajiyarsu, ya kasa yanayin jikin mutum gida uku: vata, pitta da kapha. Masu wannan ilimi suna ɗaukar dawa a matsayin hatsi busasshe marar nauyi, saboda haka suke ba da ita ga mai kapha, wato mai jiki da kasala da saurin ƙiba. Siririn mutum mai bushewar fata da yawan kumburin ciki kuwa, cewa suke ya yi hattara da ita, in zai sha ya sha da ɗumi, da ɗan man shanu da citta. Ka ga ko su masu abin ba su ce kowa ya sha ba. Ɗan talla ne ya ce haka.

To, mene ne a cikin dawar? Gram 100 na ƙwayarta yana ɗauke da kuzari kusan kalori 330, bai yi nisa da na shinkafa ko masara ba. Fifikonta yana jikin ɓawo, wato dusa. Ita ce ke jinkirta narkewar abinci, ta riƙe ciki har azahar, ta kuma tausasa bayan gida ga wanda yake shan ruwa sosai.

Yanzu leƙa tsakar gidanmu. An surfe dawa, an bakace, dusa ta tafi gun awaki. An jiƙa, an kai inji, an tace a rariya mai laushi har sau biyu, sai gasara fara tas mai santsi. A dama koko, a zuba sukari cokali uku, a aiko yaro ya sayo ƙosai. Akuya ta cinye maganin, uwargida ta sha sitaci da zaƙi, sannan ta yi mamakin yadda zanenta ya daina zagayowa. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗari a nan, domin tataccen kunu mai ruwa-ruwa yana saurin ɗaga sukarin jini.

Wanda ke son amfanin, a wanke dawar, a tsince wadda ta yi fumfuna a zubar, a jiƙa ta ta kwana, a niƙa da ɓawonta ba tare da an tace ba. Jiƙon da tsamin suna rage sinadarin da ke hana jiki tsotsar ƙarfe daga hatsi, abin da ya shafi masu juna biyu ƙwarai. Citta da kanunfari sun isa ƙamshi. Kofi ɗaya a madadin karin kumallo, kada a ɗora shi a kan burodi da shayi. A fara da kaɗan, don cikin da ya saba da tatacce yakan yi ƙugi a kwanakin farko.

Sai batun ƙulle-ƙullen da ake haɗawa da garin. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya auna magungunan Ayurbeda da ake sayarwa a shagunan Boston, ya tarar kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asenik. Ledar da ba ta da lambar NAFDAC, ba a kuma rubuta abin da ke cikinta ba, a bar wa mai ita kayansa. Wanda kuma yake ramewa ba dalili, ko yake ganin jini a bayan gida, ya ajiye ludayi ya nufi asibiti.