Ƙasa ta sake, sabro ma ya sake

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san lokacin masassara a ƙasarmu. Ruwa na sauka a Yuni da Yuli. Daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da hatsi ke nuna, gidajen likita su cika da yara masu zafin jiki. Wasu na cewa ɗanyen hatsi ne ko sabuwar masara ke kawo ta. Ba haka ba ne. Lokacinsu ne ya zo ɗaya. Mai kawo wannan masassara sabro ne, shi kuwa sabro ruwa ke haifar shi. Saboda haka duk abin da ya sauya zaman ruwa a ƙasa, ya sauya zaman sabro.

Ba kowane sabro ba ne

Sabron da ke ɗauke da cutar sunansa Anofel. Tamatar ce kaɗai ke cizo, don tana bukatar jini kafin ƙwanta ya ƙosa. Da dare take fita. In ta sauka a bango, takan ɗaga bayanta sama, kanta a ƙasa. Wancan mai yawan kuka a kunne, wanda ke fitowa daga masai da ruwan wanki mai wari, wani iri ne dabam. Yana hana barci, amma ba shi ke ba da wannan masassara ba.

Anofel ɗinmu na damana ya fi son ruwan sama mai ɗan tsabta wanda rana ke duka: sawun shanu a bakin tabki, sawun mota ko na amalanke, ramin da aka haƙa don yin tubali. A nan take zuba ƙwai, 50 zuwa 200 a lokaci guda. Ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta zama sabro. In da ɗumi, wannan duka ba ya wuce kwana 7 zuwa 10. Ke nan ramin da ya riƙe ruwa mako guda da ƴan kwanaki ya isa.

Akwai kuma lissafi na biyu. In tamata ta ciji mara lafiya, ta sha ƙwayar cutar tare da jini. Ba za ta iya ba wani ba nan take. Sai ƙwayar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinta, sannan ta hau zuwa miyanta. Da yawa daga cikin sabro na mutuwa kafin wannan lokaci ya cika. Sanyin hunturu na jinkirta girman ƙwayar. Zafin bazara da busasshiyar iska na kashe sabron da wuri. Damana da farkon kaka ne ke haɗa masa duk abin da yake so: ruwa, ɗumi da laima. Shi ya sa yake daɗewa a raye har ya kai ga raba cuta.

Abin da fari ya yi

Dattawanmu na tune da farin 1973 da na 1984. Tabkuna sun ƙafe, ciyawar bakin ruwa ta mutu. Akwai wani irin Anofel da masana ke kira funestus. Shi ba ya son ɗan ruwan sawun shanu. Yana son ruwa mai daɗewa, mai ciyawa da inuwa. Da farin ya ci irin wannan ruwa, sai ya ɓace daga wurare da yawa na Sahel, aka yi shekaru ba a kama shi ba. Amma a 2004 masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai suka ba da labarin cewa sun sake samun shi a Nijar. Ruwa ya dawo, shi ma ya dawo. Dawowarsa ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ne ke ci gaba da cizo bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ƙananan ramuka suka bushe. Inda yake, masassara na jan lokaci har cikin rani.

Ga kuma wani abin mamaki da aka gani a ƙasar da ke gabas da Yamai. Ruwan sama ya ragu a shekarun fari, amma tabkuna suka ƙaru. Dalili shi ne saran itace da share daji don noma. Ƙasar da ba ta da itace da ciyawa takan yi tauri, ta zama fako. Ruwa ba ya shiga cikinta, sai ya gudu, ya yanka kwazazzabai, ya taru a kwari. Manomi ya yi hasara sau biyu: gonarsa ta tudu ba ta sha ba, ga kuma sabon tabki kusa da gari.

Noman rani da nasa kuɗin

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a zuwa noman rani. Aka haƙa rijiyoyi, aka buɗe garake. Ga filayen ban ruwa na Ƙonni da Jiratawa, ga albasar Galmi, ga shinkafar bakin kogin Isa wadda ake nomawa sau biyu a shekara. Wannan aiki ya ciyar da gidaje da yawa, kuma ba mu ga mai hankalin da zai ce a bar shi ba. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Ruwan da ya tsiyaye daga magudana, da taɓon bakin rijiya, da fadamar shinkafa kafin shukar ta rufe ruwan, duk wuraren haihuwar sabro ne. A da rani na yanke masa zuriya wata bakwai ko takwas. Yanzu a irin waɗannan garuruwa yankewar ta gajarta. Mai gadin garka da ke kwana a fili cikin watan Janairu yana ganin ba sabro, ya bar sange a gida, shi ne cikin haɗari.

To, a garin da ba garka ba tabki, ina sabro ke zuwa da rani, kuma daga ina yake fitowa da ruwan fari? A Mali an bi wannan tambaya. An shafa wa sabro alama a ƙarshen damana, aka sake kama tamata ɗaya mai alamar bayan wata 7. Ashe wani iri laɓewa yake yi, ya jira. Sannan a 2019 aka bayyana wani binciken, shi ma a Mali. An ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan, aka tashe ta sama, mita 40 zuwa 290, da dare. Aka kama Anofel a can. Mafi yawansu mata ne, kuma sun riga sun sha jini. Masu binciken sun lissafa cewa iska na iya kai su har kilomita 300 a dare guda. Ke nan sabron da ya ciji ɗanka yau, wataƙila jiya a wata jiha ya kwana.

Shekarun ambaliya

Ruwan yanzu ba kamar na da ba ne. Yakan yi jinkiri, sannan ya zubo da ƙarfi a rana ɗaya. A Satumba 2020 kogin Isa ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa. A 2024 ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a ƙasarmu, ta rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ruwa mai ƙarfi yakan wanke tsutsar sabro da farko. Amma da ya lafa, ya bar ramuka ba iyaka. Waɗanda gidajensu suka faɗi suna kwana a fili ko a makaranta, sangensu ya tafi da ruwa. Ƴan makonni bayan haka masassara ke tashi. Abin ya fi tsanani in ruwan ya kai arewa, wajen Abalak ko Agadas. Mutanen can ba su saba da cizon Anofel kowace shekara ba, jikinsu bai koyi kokawa da cutar ba. A can takan kayar da babba kamar yadda take kayar da yaro.

Akwai baƙo kuma da ya kamata mutanen birni su sani. Sunansa Anofel istifensi, asalinsa ƙasashen Indiya da Larabawa. An gan shi a Jibuti a 2012, a Habasha da Sudan a 2016, a Najeriya a 2020. Shi ba ya jiran damana. A tankin siminti yake haihuwa, da tano, da randa, da tsohuwar taya. Garin da famfo ke yawan ɗaukewa, kowane gida na ajiye ruwa, wurin zamansa ke nan. Murfi mai kyau a kan abin ajiyar ruwa, da wanke shi kowane mako, sun isa su yanke masa hanya.

Tabki babba ba mai iya cike shi, kuma dabbobi na bukatarsa. Amma ramin tubali na bayan gida, da taɓon bakin rijiya, da magudanar garka da ta toshe, waɗannan aikin samariya ne na safiya ɗaya. Sange mai magani, wanda aka fara rabawa kyauta a duk ƙasa a ƙarshen 2005, a ɗaura shi kowane dare, har da rani ga na kusa da ruwa. Sabro ya fara sabawa da maganin da ke jikinsa, amma sangen da ba shi da huda har yanzu shinge ne. Tun 2013 ana raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi, sau ɗaya a wata cikin damana. Kwana 3 ake sha kowane zagaye. Uwa ta tabbata ta ba da na rana ta biyu da ta uku, domin mai rabawa na ranar farko kaɗai yake gani. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuwa, ko a watan Maris ne, a kai shi likita a ranar, a ɗauki ɗigon jini daga yatsa. Awon ba ya wuce minti 20.