Gernot Rohr: Darasi Daga Rayuwar Mai Tsaron Baya

A watan Yunin 2024 ina zaune da wasu abokan aikina malaman jami'a muna kallon wasan neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya, inda Jamhuriyar Benin ta doke Najeriya da ci 2-1 a Abidjan. Da aka tashi sai kyamara ta hasko kocin Benin, dattijo mai furfura, wato Gernot Rohr, mutumin da muka sallama shekara biyu da rabi kafin wannan rana. Ɗakin ya yi tsit. Tun daga lokacin nake son in ce wani abu game da shi.

An haifi Rohr a birnin Mannheim na Jamus a 1953. Ya shiga Bayern Munich a 1972, zamanin su Beckenbauer da Gerd Müller, don haka bai sami damar buga wasa sosai ba. Bayan ya ratsa Waldhof Mannheim da Kickers Offenbach, sai ya ƙaura zuwa Bordeaux ta Faransa a 1977, ya shekara 12 yana tsaron baya, ya ci kofin lig sau uku, a 1984 da 1985 da 1987. A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Bajamushe ya zauna cikin Faransawa, ya laƙanci harshensu har ya zama ɗan ƙasa. Wanda ya taɓa koyon harshen wasu da girmansa ya san irin haƙuri da ƙanƙan da kai da hakan ke bukata.

Wannan hali ya bi shi har fagen horarwa. A 1996 ya kai Bordeaux, tare da matashi Zidane, wasan ƙarshe na Kofin UEFA, bayan sun rama cin 2-0 da AC Milan ta yi musu da ci 3-0. Tsohuwar ƙungiyarsa Bayern ce ta hana shi kofin. A Afirka kuwa ya kai Gabon zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar nahiyar ta 2012, ya jagoranci Mena ta Nijar a gasar 2013, sannan ya riƙe Burkina Faso a 2015.

Lokacin da ya karɓi Super Eagles a watan Agustan 2016, mun kasa zuwa gasar Afirka sau biyu a jere. A rukunin da ya haɗa mu da Kamaru da Aljeriya da Zambiya, Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta sami gurbin zuwa Rasha a 2018, inda Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu. A Masar a 2019 muka zo na uku.

Ba na cewa ba shi da laifi. An zarge shi da yin watsi da 'yan wasan lig na cikin gida, kuma wasansa ba ya ƙayatarwa. Har yau ba mu manta yadda Saliyo ta farke ƙwallo huɗu aka tashi 4-4 a 2020 ba. To amma mai karatu ya dubi lokacin da aka zaɓa aka kore shi: Disambar 2021, saura wata guda a fara gasa a Kamaru. Tunisiya ta fitar da mu a zagaye na biyu, sannan a watan Maris na 2022 Ghana ta zo har Abuja ta hana mu zuwa Ƙatar. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kalmar "Rohr" a Jamusanci na nufin bututu. Bututun ruwa kuwa ba a tunawa da shi sai ranar da famfo ya ƙafe, kuma haka aikin mai tsaron baya yake. A ma'aikatunmu da makarantunmu akwai irin waɗannan mutane da yawa, masu aiki ba hayaniya, waɗanda muke gajiya da su don kawai ba sa burge mu. Idan canji ya zama dole, a yi shi a kan lokaci, da tanadin wanda zai gaje su. Allah Ya ba mu ikon gane darajar mutum tun yana tare da mu, amin.