Yuzuru Hanyu: Gwarzon ƙanƙara da girgizar ƙasa ta kora daga fili

A Karshi, ƙanƙara haja ce da ake saye a leda domin sanyaya zoɓo da kunun aya idan an ɗauke wuta. Ma'aikacin da ke sammako ya bi ta Orozo da Jikwoyi da Nyanya kafin ya isa Sakatariyar Tarayya zai yi mamaki idan aka ce masa akwai ƙasar da Firaminista ya karrama matashi saboda iya zamiya a kanta. Haka kuwa aka yi a Japan a watan Yulin 2018, lokacin da Shinzo Abe ya miƙa wa Yuzuru Hanyu lambar girmamawa ta al'ummar ƙasar, yana ɗan shekara 23.

Wasan nasa na buƙatar ɗan bayani. Ɗan wasa yana sanya takalmi mai ƙarfe a tafinsa, wanda kaurinsa kimanin milimita huɗu ne, ya yi gudu a kan daskararren ruwa ana kaɗa masa kiɗa, ya daka tsalle ya juya a sama sau uku ko huɗu, sannan ya dira a ƙafa ɗaya yana tafiya da baya. Ana yin zagaye biyu, gajere da dogo. Alƙalai suna ba da maki a kan wahalar tsallen da tsabtar dirar, da kuma yadda jiki ya bi kiɗa. Wanda ya saba kallon dambe zai fahimci wannan sashe na ƙarshe: ƙarfin hannu daban, kwarjinin da ke tashi idan kalangu ya kira sunan ɗan dambe daban.

An haifi Hanyu a birnin Sendai ranar 7 ga Disamba, 1994. Tun yana ƙarami yake fama da ciwon asma, kuma yana ɗan shekara huɗu ya bi yayarsa zuwa filin ƙanƙara. A 2004 aka rufe filin saboda rashin kuɗi, sai a 2007 aka sake buɗe shi. Shekarun nan ya yi su ne yana zirga-zirga zuwa wani fili mai nisa, lokacin atisayensa ya ragu ƙwarai. Masu riƙe da fayil ɗin gyaran filayen wasa a Abuja za su iya ɗan tsayawa a kan wannan: saura kaɗan rufe gini guda ya salwantar da yaron da ya zama zakaran matasa na duniya a 2010.

Ranar 11 ga Maris, 2011, yana cikin atisaye a filin nan girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afka wa arewa maso gabashin Japan, igiyar tsunami ta biyo baya, mutane fiye da 15,000 suka rasu. Da takalmin wasan a ƙafarsa ya gudu waje. Shi da iyalinsu suka yi kwanaki a sansanin waɗanda bala'in ya raba da gidajensu, filin kuma ya lalace. Da ya rasa wurin atisaye, sai ya riƙa bin wasannin nishaɗi daga gari zuwa gari, kusan guda 60, yana mayar da kowane dandali wurin horo. Shekara guda bayan haka ya zo na uku a gasar duniya a birnin Nice na Faransa, sannan ya koma Toronto a Kanada ƙarƙashin koci Brian Orser.

A gasar Olamfik ta hunturu a Sochi a 2014 ya zama mutum na farko da ya haura maki 100 a gajeren zagaye, da 101.45. A dogon zagaye ya faɗi sau biyu, amma babban abokin karawarsa Patrick Chan na Kanada shi ma ya yi ta tuntuɓe, zinare ya zama na Hanyu. Shi ne namiji na farko daga Japan da ya ci wannan lamba a wasan, yana ɗan shekara 19.

Abin da ya faru a Shanghai a Nuwamban wannan shekara har yanzu ana gardama a kansa. Ana cikin motsa jiki kafin wasa ya yi karo da Yan Han na China, jini ya wanke masa fuska. Aka naɗe masa kai da bandeji, ya koma fili, ya faɗi sau biyar, duk da haka ya ƙare na biyu. Magoya baya sun kira abin jarumta. Sai dai barin matashin da ya bugu a kai ya ci gaba da tsalle ganganci ne daga ɓangaren manyan da ke kula da shi, ko da kuwa shi ya nace.

Ya ci gasar duniya a 2014 da 2017, ya kuma kafa tarihin maki 330.43 a Barcelona a 2015. A Nuwamban 2017 ya ji rauni a jijiyar idon sawunsa na dama, wata uku kacal kafin gasar Olamfik ta PyeongChang a Koriya ta Kudu. Bai sake fitowa gasa ba sai can, inda ya sha maganin kashe zafi ya sake ɗaukar zinare ranar 17 ga Fabrairu, 2018. Rabon da namiji ya yi haka sau biyu a jere tun Dick Button na Amurka a 1948 da 1952. A wannan gasa ce Najeriya ta fara halartar Olamfik ta hunturu, ta hannun Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo, kuma 'yan ukun farko sai da suka nemi taimakon jama'a ta intanet kafin su iya shiri.

Daga nan zinare ya daina gamsar da shi. Burinsa ya koma kan tsallen Axel mai juyi huɗu da rabi, wanda ake tashi ana fuskantar gaba, kuma a lokacin babu wanda ya taɓa dirarsa a gasa. A Beijing a 2022 ƙarfen takalminsa ya faɗa wani rami a ƙanƙara a gajeren zagaye, ya tsinci kansa na takwas. Da ya so, da ya zaɓi tsallen da ya tabbata zai dira don neman ko da tagulla. Ya gwada Axel ɗin, ya faɗi, ya ƙare na huɗu, Nathan Chen na Amurka ya ɗauki zinare. Ranar 19 ga Yuli, 2022 ya sanar da barin gasa. Bayan wata biyu wani ɗan Amurka mai shekara 17, Ilia Malinin, ya dira tsallen.

Shahara ta karɓi nata kason. Ya sanar da aurensa a Agustan 2023, a Nuwamba kuma ya sanar da rabuwa, yana cewa bibiyar 'yan jarida da wasu mutane ta hana matarsa fita ko ƙofar gida. A Fabrairun wannan shekarar ya tara 'yan kallo 35,000 a Tokyo Dome, shi kaɗai a kan ƙanƙara. Kuɗin da yake samu daga littafin tarihin rayuwarsa kuwa yana miƙa su ga filin Sendai, wanda aka taɓa rufewa yana yaro.