Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tanadin Abinci Saboda Ranar Larura

A zamanin da, abin da ake auna arzikin magidanci da shi a ƙasar Hausa shi ne abin da ya rage a rumbunsa sa'ad da damina ta yi tsakiya. Duk gidan da ya amsa sunansa yana da rumbun da ake ɗiba kullum, yana kuma da rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi sai wuya ta yi wuya. Wahala ce ta koya wa mutanen da wannan dabara. Yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba a shekarar 1914 ta hallaka jama'a masu yawa, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 kuma ya ƙone amfanin gona, ya kashe dabbobi tun daga Senegal har Chadi, bai ƙyale arewacin Nijeriya ba.

Yau zama ya sake. Jama'a sun cika birane, gidan haya ba shi da filin kafa rumbu, yawancin magidanta kuma cefanen yini ɗaya suke yi, gobe a sake komawa. Watau dai kasuwa ce ta zama rumbun mutanen birni. Aibin wannan rumbu shi ne mabuɗinsa ba ya hannun maigida.

RANAR DA KASUWA TA RUFE

Ran Lahadi 29 ga watan Maris na 2020 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ba da sanarwar hana fita a Ikko da Ogun da Abuja har kwana 14 saboda annobar korona, dokar kuwa ta fara aiki a Ikko da Abuja washegari da dare. Yini ɗaya tak aka samu na sayayya. Kano ta bi sahu a watan Afrilu, ana gab da shiga azumi.

A ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka fiye da 600, ruwa ya shanye hanya a Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki cirko-cirko da kaya a kansu. A farkon 2023 kuma, sa'ad da aka canja takardun Naira 200 da 500 da 1,000, abinci yana nan jibge a kasuwa, amma mai kuɗi a banki ya rasa tsabar da zai auno kwanon masara. Sa'an nan ran 10 ga watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'a, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu da tufafin jikinsu kaɗai.

Waɗannan masifu sun sha bamban, amma sun haɗu a wuri guda. A kowacce, kwanakin farko su ne mafi tsanani, domin kafin agaji ya iso, abin da ke cikin gida shi kaɗai ne abin dogara.

Wani zai ce ai gwamnati tana da nata rumbunan. Gaskiya ne, har ma a 2020 an ba da umurni a fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan Gwamnatin Tarayya domin mabukata. To amma mai karatu ya yi lissafi: da za a raba wannan hatsi ga mutum miliyan 200, kowa giram 350 zai samu, wanda bai kai abincin yini guda ba. Ashe guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

NAWA YA KAMATA A AJIYE?

Ƙungiyoyin agaji na duniya sukan yi wa kowane mutum lissafin hatsi kimanin giram 400 a yini, da ɗan wake, da mai, da gishiri. Bisa wannan ma'auni, gida mai mutum 8 yana bukatar wajen kilo 45 na hatsi a cikin mako biyu, watau buhu ɗaya mai kilo 50 ya isa har da saura. In aka haɗa da 'yan kwanonin wake, da galan na man gyaɗa ko manja, da gishiri, da sukari, an kafa tushen tanadi. Mako biyu shi ne abin da ya kamata a fara sa wa gaba. Wanda Allah ya hore wa sai ya kai wata guda ko fiye.

Sai dai ba kowane abinci ne ya dace da ranar larura ba. Abin da ke cikin firiji ya dogara ga wutar lantarki, ita kuwa tana cikin abubuwan da ke fara ɗaukewa. Tsabar masara tana bukatar injin niƙa, wake kuma yana cin itace. Saboda haka wajibi ne wani kashi na tanadin ya zama abin da za a ci ba tare da an hura wuta ba, kamar garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da dabino, da kilishi, da madarar gari saboda yara. Nan ma iyaye mata sun riga kowa sani, domin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono da bandar kifi duk an ƙirƙiro su ne don su daɗe ba su lalace ba. Gari ba ya jure ajiya kamar tsaba, don haka a niƙa kaɗan, a bar sauran.

RUWA YA FI ABINCI GAGGAWA

Mutum yakan jure yunwa kwana da kwanaki, amma ƙishirwa ba ta ba da wannan rance. Ma'aunin da masu aikin agaji suke bi shi ne lita 15 ga kowane mutum a yini, domin sha da girki da tsabta. Gida mai mutum 8 ke nan yana bukatar jarka biyar masu lita 25 kowace rana. Ba kowa ne yake da wurin ajiye na mako biyu ba, amma a ƙalla a riƙe na sha da girki na kwana uku a cikin jarkoki masu murfi, waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko kananzir a ciki ba, a riƙa kuma sake ruwan a kai a kai.

Lokacin ambaliya ruwa ya yi yawa amma na sha ya yi ƙaranci, domin masai da rijiya sukan haɗe, daga nan sai amai da gudawa. A tafasa duk ruwan da ake shakkarsa. A kuma san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan yakan riƙe mai gudawa kafin a kai shi asibiti.

ABOKAN GABAN AJIYA

Laima da ƙwari da ɓera su ne masu cinye wahalar mai tanadi. Hatsin da bai bushe sarai ba yakan yi fumfuna, fumfunar masara da gyaɗa kuwa tana ɗauke da dafi mai lalata hanta. A shekarar 2004 irin wannan masara ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana bukatar ƙarin shanya.

Game da ƙwari, waɗansu sukan yayyafa wa wake fiya-fiya ko makamancinsa. Wannan ganganci ne da ran iyali, kuma saboda irin wannan guba ce Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Hanya mafi aminci ita ce a hana ƙwaron iska. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, ko jarka da duro masu murfi mai kamawa, in aka cika su taf aka rufe, ƙwarin da ke ciki sukan mutu da kansu ba tare da an sa magani ba.

A ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango, kamar yadda magabata suke ɗora rumbu bisa duwatsu. Mazauna kwari da bakin kogi su ajiye wani abu a wuri mai tudu, su kuma haɗa ƙunshi guda mai sauƙin ɗauka, da busasshen abinci, da tocila, da ashana, da rediyo mai batir, da maganin masu hawan jini ko ciwon sukari, da takardun gida da na makaranta a cikin leda, da 'yan kuɗi a hannu. Abin da aka fara ajiyewa shi za a fara ci, a mayar da gurbinsa da sabo.

TANADI DABAN, ƁOYEWA DABAN

Mai ƙaramin ƙarfi zai ce wanda bai ƙoshi yau ba ina ya ga na gobe? Maganarsa tana kan hanya. Amma da ɗai-ɗai gwarjo ke cika taska. Uwargida da take ware tafin hannu guda duk sa'ad da ta auna na tuwo, kafin wata uku ta tara abin kirki. Maƙwabta kuma suna iya yin adashi su sayi buhu da kaka, lokacin da hatsi yake araha, maimakon su jira tsakiyar damina sa'ad da farashi yake kai maƙura.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin mai tanadi da mai ɓoye abinci. Na farko yana saye lokacin yalwa daidai bakin iyalinsa, yana bin sawun Annabi Yusufu, wanda ya shawarci mutanen Masar su adana hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa. Na biyu kuwa yana kwashe na kasuwa lokacin tsanani, ya kulle, yana jiran ya yi tsada, abin da malamai suka yi hani da shi. Haka nan rububin saye bayan an ji sanarwa ba ya haifar da kome sai tashin farashi, talaka kuma shi ne yake kwana a ciki.

Kowace shekara kafin damina Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan bayyana hasashenta na ruwan sama, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa, NEMA, kuma takan gargaɗi yankunan da ake jin tsoron ambaliya. Ya rage ga magidanta su kasa kunne, su duba ɗakin ajiyarsu tun sararin sama yana garau. Gidan da yake da abincin mako biyu yakan sami sukunin tunani ranar da hankalin kowa ya tashi, har ma ya miƙa wa maƙwabcinsa kwano ta kan katanga.