Matsalar Baƙaƙe Masu Ƙugiya Wajen Mayar da Rubutun Hausa Zuwa PDF

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da ke addabar masu shirya littattafai da mujallu da takardun jarrabawa cikin Hausa. Sau da yawa akan tsara rubutu ya fito sumul a fuskar kwamfuta, amma da zarar an mayar da shi PDF an kai maɗaba'a, sai a tarar baƙaƙen nan masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake rubutawa a Nijar, sun ɓace ko sun rikiɗa. Wannan kuwa ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin ƙugiya ce ke raba baƙi da baki, ta raba faɗa da fada. Abin da za mu nuna shi ne, cutar takan kama rubutu tun kafin a mayar da shi PDF, don haka tun daga can ya kamata a nemi magani.

2.0 Asalin Matsalar

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a shekarar 1993, da nufin shafi ya riƙe kamanninsa a kowace na'ura aka buɗe shi. To amma kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi, siffar harafin kuwa daga samfurin haruffa take ɗauko ta. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane baƙi mai ƙugiya lambarsa: 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ. Idan lamba da siffa suka saɓa, sai matsala ta ɓullo ta ɗayan hanyoyi uku.

Ta farko ita ce rashin dasa samfurin haruffa cikin fayil. Idan ba a dasa shi ba, kuma kwamfutar maɗaba'a ba ta da irinsa, sai ta aro wani ta maye gurbinsa, layuka su goce. Wani lokaci kuma masu samfurin ne suka hana dasawa a cikin sharuɗɗansu.

Ta biyu ita ce samfurin da ba shi da baƙaƙen Hausa sam. A nan manhajar Word takan rufa asiri, ta aro ƙ daga wani samfuri dabam, shi ya sa akan ga harafin ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo. Wasu manhajojin tsara shafi ba su yin wannan aro, sai su bar ɗan akwati a gurbin harafin.

Ta uku ita ce tsofaffin samfura waɗanda aka ƙera kafin Unicode ya bazu, inda aka ɗora siffar ƙ ko ɗ a kan lambar wata alama dabam. Da irinsu aka yi ta aiki a PageMaker, manhajar da ta fito a 1985, wadda har fitowarta ta ƙarshe a 2001 ba ta karɓi Unicode ba. Ido yana ganin ƙ, amma kwamfuta wata aba take karantawa, kuma ranar da aka sauya samfuri asiri ya tonu.

3.0 Hanyoyin Bincike da Gyara

Da farko, a buɗe fayil ɗin da Acrobat Reader a duba jerin samfuran da ke cikinsa, domin akwai bayani a gaban kowanne in an dasa shi. Wanda ba a dasa ba, sai a koma ga ainihin rubutun a sake mayarwa, a zaɓi tsarin PDF/A, wanda aka kafa a 2005, domin ya wajabta dasa dukkan samfura.

Na biyu, a nemi kalma kamar ƙasa a cikin fayil ɗin, ko a kwafi jimla guda a liƙa ta a wani wuri. Idan nema bai samo ta ba, ko abin da aka liƙa ya fito a hargitse, to akwai alamar tsohon samfuri ne. Maganinsa shi ne a musanya kowace alamar aro da harafin Unicode na gaskiya, babba da ƙarami, sannan a sa samfuri mai cikakkun baƙaƙe, kamar Charis SIL ko Gentium ko Noto, waɗanda kyauta ne, kuma an yarda a dasa su.

Na uku, akwai dabarar masu aiki da CorelDRAW ta mayar da haruffa zane kafin bugu. Wannan ta dace da bangon littafi da allon talla. Amma ga kundin bincike hasara ce, domin ba sauran damar neman kalma a ciki ko gyara kuskure.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, hanzari ba gudu ba, nauyin nan yana wuyanmu mu malaman harshe kafin ya kai ga ma'aikatan ɗab'i. Shawararmu ita ce sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i su tsayar da samfuri guda mai bin Unicode ga dukkan kundayen ɗalibai da mujallunsu, kuma kada editan da ya karɓi fayil ya miƙa shi ga maɗaba'a sai ya gwada shi ta hanyoyi biyun farko da muka ambata.