Tasha Muke Da Ita, Motocin Na Wasu Ne

Tun da katafaren jirgin dakon kaya na kamfanin CMA CGM ya yada zango a tashar Lekki a farkon 2024, hotunansa suka cika wayoyi, ana ta barka da arziki, wai Najeriya ta shiga sahun manyan ƙasashen sufurin teku. Anya ba kallon kitse muke yi wa rogo ba? Jirgin na kamfanin Faransa ne. Ya sauke kayansa, ya karɓi kuɗin dakonsa da dala, ya ƙara gaba.

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ya san bambancin ɗan kamasho da mai mota. Ɗaya yana tsintar abin da aka yaga masa, ɗaya yana kwashe cinikin tafiyar. Tashoshin ruwa kam muna da su: Apapa da Tin Can a Legas, Fatakwal da Onne, Warri da Kalaba, ga kuma Lekki mai zurfin mita 16.5 da aka buɗe a Janairun 2023. Abin da muka rasa shi ne jiragen kanmu masu keta teku, in ka cire na dakon iskar gas na kamfanin NLNG. Hatta ɗanyen manmu, mai saye ne ke turo jirgin da zai ɗauka.

Abin takaicin shi ne mun taɓa mallakar jiragen kanmu, kuma yaran yanzu ko labarin ba su ji ba. A 1959, ana jajibirin samun 'yancin kai, aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL. Gwamnati ta riƙe kashi 51, sauran na kamfanonin Ingila biyu, Elder Dempster da Palm Line, kafin ta saye hannun jarinsu a 1961. Dubi sunayen da aka raɗa wa jiragen farko: Dan Fodio, El Kanemi, King Jaja, Oduduwa. Wato akwai lokacin da ma'aikatan tashar Liverpool ke karanta sunan Shehu Usmanu a jikin jirgi mai ɗauke da tutar Najeriya, a zamanin da gyaɗar Kano da auduga da ƙirgi ke gangarawa Apapa ta jirgin ƙasa.

A 1975 muka sha kunyar da ya kamata ta zame mana darasi har abada. An yi odar siminti fiye da hankali, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin ruwan Legas wata da watanni, simintin na daskarewa a cikinsu, ƙasa na biyan tarar jira. Wannan ne ya hanzarta gina Tin Can a 1977. A shekarar kuma gwamnatin Obasanjo ta yi odar sababbin jirage 19, aka sa musu sunayen kogunan ƙasar nan, har NNSL ya kai jirage 24. Daga nan sai cin amana da bashi suka shigo. Aka riƙa tsare jiragenmu a tashoshin ƙetare saboda kuɗin da ake bin mu, har gwamnatin Abacha ta rushe kamfanin a 1995. Matuƙa da injiniyoyin da aka kashe dukiya wajen horarwa suka watse.

An ce za a gyara da dokar 2003, wadda ta keɓe dakon kaya tsakanin tashoshin cikin gida ga jiragen 'yan ƙasa, ta kuma kafa asusun ba su rancen sayen jirage. An shafe shekara ashirin ana tara kuɗi a asusun ba tare da an ba kowa rancen ba. Habasha, wadda ko taku ɗaya na gaɓar teku ba ta da shi, tana da kamfanin jiragenta da ke aiki ta Jibuti. Mu masu gaɓa ta kilomita 853 fa?

Kada ɗan Arewa ya ce wannan rigimar mutanen Legas ce. Je ka Kantin Kwari ka tambayi mai odar yadi daga Sin. Zai lissafa maka kuɗin dakon kwantena da dala, da tarar kwanakin da ta yi a tasha, da ladan ejan, da kuɗin tirela zuwa Kano, da na shingayen hanya. Duk wannan a kan turmin atamfar da za ka saka a lefe yake ƙarewa. Tashoshin tudu na Kaduna da Dala da Funtuwa ba za su rage masa komai ba matuƙar kwantena ba ta zuwa ta jirgin ƙasa a kai a kai.

Ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023 ta daina yi mana romon baka: a saki rancen ga masu sana'ar na gaskiya, a bayyana sunayensu. Gwamnoninmu kuma su tura yara makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom, su biya musu kuɗin horon cikin teku, wanda rashinsa ke hana ɗalibai da yawa samun shaidar aiki. Ranar da aka sake sayo jirage, wa za mu miƙa ya tuƙa su?