Gayyar Murya: Haƙƙin Masu Ba Da Muryarsu

'Yan'uwa manoma da masunta, akwai wani aiki da ya shigo ƙasar Hausa, watau tara muryoyin mutane domin a koya wa na'ura jin magana. Mutum ya karanta jimla, waya ta ɗauka, a haɗa da ta dubban mutane. Amfaninsa shi ne wanda bai yi karatu ba ya iya tambayar waya da baki, ta gane shi.

Ƙungiyar Mozilla ta fara irin wannan aiki a 2017 da sunan Common Voice, Hausa kuwa ta shiga a 2021. Aikin sa-kai ne, kuma muryar da aka bayar kowa yana iya ɗauka kyauta. Wani aikin, NaijaVoices, ya tara awa 1,800 na Hausa da Ibo da Yarbanci daga bakin mutum fiye da 5,000. Masu shi sun kira hanyarsu noma, ba haƙar ma'adini ba. Mai haƙa yakan kwashe ya bar rami, manomi kuwa yakan mayar wa ƙasa taki.

To, mu a nan muna da abin da Kano ba ta da shi. Wa zai faɗi sunan birgi da gura da mamari daidai in ba masuncin Yauri ba? Ga Gunganci, ga Kambarcin Ngaski, ga Shanganci wanda yara da yawa sun bar shi sun koma Hausa. Tun da ruwan Kainji ya ci tsibirai a 1968 aka tashi Gungawa, tsofaffin da suka san zaman can sai raguwa suke yi.

Saboda haka in masu ɗaukar murya suka zo, mu karɓe su kamar mai gayya. Ba a kiran gayya ba fura, ba makaɗi mai ambaton sunan mutum, ba kuma ranar ramawa. Kafin kowa ya buɗe baki, shugabannin ƙungiya su tambaya: ina muryar za ta, wa zai ci moriyarta? A yanka ladan yini tun da fari, a biya a hannun mai murya, ba ta hannun wani ba. Kada a sa aikin a tsakiyar damina, ko ranar kasuwa. Mata a ɗauke su a gida, a bakin mace 'yar'uwarsu, gama a gaban taro ba za su sake ba.

A ganinmu kuɗi kaɗai ba ya riƙe mutum. Tsohon da aka ambaci sunansa a taron ƙungiya, in ya yarda, aka kunna muryarsa jikokinsa suka ji, gobe shi zai kawo maƙwabcinsa. Don haka mu roƙa a bar mana kofi na duk abin da aka ɗauka, magatakarda ya ajiye tare da littafin ƙungiya.